Sikelin Tumaki

"Kai ne ka kunyata ni, ɗan nan," in ji tsohuwar, ƙaramin jirgin ɗanta na gudu a filin ciyawa. Ɗazu ya ɗora ta a sikelin tumaki gaban dangi don auna nauyinta, ya sauke dardumomin da ta saƙa wa jikarta amarya.

"Inna, doka ce. Iskar kan tsaunuka ba ta ɗaukar nauyi."

"Dokar ce ta haife ka?"

Sai itatuwan ƙarshen filin suka taso musu. Da ƙyar jirgin ya haye, reshe na karzar cikinsa.

Da suka sauka a birnin Bishkek, ta zare ganye daga tayar jirgin, ta daɗe tana shafa kan ɗanta.

"Wanda ya bar itatuwan nan a hanyarka, a nemo mini shi ya yi bayani."