Motar da Ke Mutuwa a Gindin Tsamiya

Ranar kasuwar Gaya, Marsandin Tukur takan ɗauki kayan da jaki ma zai yi ƙorafi. Akuya a but, buhun dawa a kan rufi, yara a baya suna goge man ƙuli-ƙuli a jikin kujerar fatar da attajirai suka taɓa jingina a kai. Wani dillalin gyaɗa na Kano ne ya ci yayinta, Tukur yana tuƙa shi, da ta tsufa ya bar masa ita ladan hidima. Yanzu ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke kai amarya Toranke, ita ke kai gero niƙa. Mutanen Kademi Hajiya suke ce mata.

Hure, matar Tukur, ita ke zama a gaba, kusa da ƙatuwar baƙar layar da ke lilo a jikin madubi. Mata na cewa ta ji daɗinta. Ita kuwa da za a ba ta zaɓi, da ƙafa za ta riƙa zuwa kasuwa.

Dalili, Hajiya tana da wani hali. Duk sa'ad da suka iso tsamiyar da ke kwanar fita gari, sai ta mutu. Ba tari, ba hayaƙi. Hure tun daga nesa take runtse ido, sai dai ta ji ƙarar injin ta ɗauke. In ta buɗe, za ta ga Tukur ya kifa goshi a kan sitiyari, leɓunansa na motsi, yara sun yi tsit. Can sai ya murɗa makulli, motar ta tashi kamar ba ita ba.

A gindin tsamiyar nan aka tsinci Bilya.

Ɗan Hure ne na auren fari, ɗan shekara uku, mai wushirya, mai ƙiriniya. Kome ya samu sai baki. Har jar layar da kakansa Malam Kabo ya rubuta masa sai da ya taune ta ta yi laushi, Hure ta yi ta bugun hannunsa a banza. Wata rana da hantsi ya bi zabi ya fita hanya. Kowa na gona, ba wanda ya gani. An dai ce mota ce ta kaɗe shi, kuma a Kademin wancan lokaci in an ce mota, to lorin gyaɗa ake nufi. Aka yi ta tsine wa direbobin lori. Aka kawo mata shi ba takalmi ɗaya, ba kome a wuyansa. Auren ma bai daɗe ba ya mutu.

Bayan damina biyu Tukur ya sauka a garin da motarsa, baƙo, wai ya gaji da birni. 'Yanmata suka yi ta ɓarnar kwalli, ya wuce su duka ya nemi bazawarar da ko dariya ba ta yi. Bai taɓa ɗaga mata murya ba. Bai taɓa tambayarta labarin yaron ba, ita ma ta gode masa a kan haka. Suka haifi Surajo da Rabi.

An kira bakanike daga Gaya, ya kwance wannan ya ɗaura wancan, ya tuƙa Hajiya ya wuce tsamiyar lafiya lau, ya rantse ba abin da ke damunta. Maƙwabciyarsu Hansai, wadda ba a rasa fassara a bakinta, ta dafa kafaɗar Hure.

"Ai don ba kya ciki ne. Yaron nan uwarsa yake tarewa."

Wannan magana ta hana Hure sakat. Mutuwar ta riga ta haƙura da ita. Abin da ba za ta iya ɗauka ba shi ne a ce ɗanta bai kwanta ba, yana nan tsaye cikin rana da takalmi ɗaya, yana jiran ta sauko. Ta soma sauke gilashi in motar ta mutu, ta ce a hankali, "Je ka kwanta, Bilya." Abinci ya daina shiga. Ta rame har awarwaro na zamewa daga hannunta.

Wata rana ta ce wa Tukur, "Malam, don Allah ka sayar da motar nan."

Tukur ya sunkuyar da kai. "Ba zan iya ba, Hure. Allah ya riga ya haɗa ni da ita."

Ta kai kukanta wurin mahaifinta. Malam Kabo ya ce mamaci ba ya tsayuwa a hanya, ta bar sauraron Hansai. Da ya ga hawayen ba su da niyyar tsayawa, sai ya sassauta.

"To, kawo mini layar motar. Wataƙila ta tsufa. In ga abin da aka rubuta, in sabunta, ko hankalinki ya kwanta."

Ba ƙaramin abu ya nema ba. Sau ɗaya tak Hure ta taɓa ganin fushin Tukur, ranar da Surajo ya miƙa hannu zai kama layar nan. Don haka ta jira ranar da ya tafi jana'iza unguwar gaba da ƙafa. Ta buɗe motar, warin fata da na akuya suka tare ta. Ta kwance layar, ta ɓoye a mayafi, ta nufi zauren mahaifinta.

Idon Malam ya yi rauni, sai ya miƙa mata reza. Ta bi ɗinkin a hankali, zare bayan zare, har baƙar fatar ta buɗe a tafin hannunta.

"Miƙo takardar," in ji Malam Kabo.

Hure ta ƙura wa tafin hannunta ido.

Babu takarda a ciki. Wata 'yar laya ce ja, igiyarta a tsinke, gefenta duk sawun ƙananan haƙora masu wushirya a tsakiya.