Tsumman Goshin Jirgi

Da hantsi hadari ya haɗo, teku ta tashi. Chalit yana tsakiyar ruwa a ɗan jirgi mai ciki biyu da ya saya na hannu, cikin hagu kuwa sai shan ruwa yake.

Sai ga Kawu Prasit, wanda ya sayar masa, a kwale-kwale.

"Kawu, ka cuce ni! Ni da ban saɓa wa Uwar Jirgi, aljanar da ke tsare jirage, ba. Tsohon tsumman goshin ma na zare, na ɗaura mata sabon ƙyalle."

"Kai, ɗan nan! Ai tsumman nan ba nata ba ne, huda ya toshe."

Dattijon ya yage mayafin kansa, ya cusa a hudar, ya juya. Chalit ko ɗagowa bai yi ba, yana ta kwalfe ruwa.