Rediyon Baba Nassirou

Rediyon ya sake dawowa, naɗe cikin zane a bayan moto. Malam Illo na hango shi daga ƙofar shagonsa a unguwar Lamordé, shayin da ke bakinsa ya koma maɗaci.

"Malam, ka yi haƙuri," in ji Fatuma, malamar lakwal, wato makarantar boko, wadda ta kawo aikin. "Baba ya ce har yanzu bai tashi ba."

Illo ya jona wuta, ya murɗa, ya jira kwalaben gilashin da ke ciki su yi ja, don rediyon irin na da ne, sai ya ɗumama yake buɗe baki. Can sai muryar mai labarai ta fito garau, kamar mutumin na zaune tare da su a kan benci.

"To, wannan fa, Malama? Aljani ne ke magana?"

"Ni ma haka nike jin shi a gida. Amma Baba ya ce gawa ka maido mishi."

Gawa! Duk Yamai an san ba a kai wa Illo rediyo ya dawo da ƙorafi, kuma wannan ya sha wahalarsa fiye da kowanne. Ranar da aka fara kawo shi, ya tarar wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona kwalba guda, cikinsa kuwa ƙura ce da gidan zanzaro da kashin kyankyaso. Da gashin kaza da tsohon buroshin haƙori ya bi shi lungu-lungu. Kwalbar ma sai da ya farke wani rediyon da ya daɗe yana tattali kafin ya samu irinta.

Da rediyon ya farfaɗo, ya zo da wani gunji kamar amyar zuma, akwatin gaba ɗaya na karkarwa. Wani zai ce aiki ya ƙare, amma ban da Illo. Ya ɗaure tiransifoman da ya kwance, ya sa masa roba a ƙarƙashi, ya sauya duk abin da ya gaji, har akwatin ya natsu tsit. A saman katakon akwai wani baƙin tabo mai maiƙo, faɗinsa kamar faifai ƙarami. Shi ma ya kankare shi, ya shafa mai, katakon ya ɗau sheƙi.

Ladan duk wannan shi ne a kira aikinsa gawa.

Fatuma ta sassauta murya, ta ba shi labari. Tun da mahaifiyarta ta rasu suka ɗauko tsohon daga Tahoua, ba da son ransa ba, fushi yake da kowa. A yi masa magana ya kau da kai. Rediyon nan kaɗai ne abokin zamansa, daga safe har magariba yana gefensa. Yanzu ko fura ba ya taɓawa, kullum ƙara ramewa yake.

"In abin ya gagara ka gaya mini," ta ce. "Akwai masu gyaran salula a Babbar Kasuwa, sun ce su kwashe kayan cikin su sa na zamani."

Wannan magana ta soki Illo fiye da zagi. Ya sake kwance rediyon a gabanta, ya auna waya bayan waya, yana neman laifi kamar mai neman allura cikin rairayi. Babu. Haushi ya ishe shi, ya ja ƙofar shago ya datse.

"Mu tafi. Yau sai ya nuna mini mutuwar da idona."

Suka ƙetare gada cikin rana tsaka, Illo a bayan moton ɗan kabu-kabu ya rungume akwatin, yana tsara maganar da zai yaɓa wa tsohon.

A unguwar Bobiel suka iske Baba Nassirou a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, ƙwaryar fura a rufe gefensa. Ya rame ƙwarai, har rabin faɗan Illo ya zube. Illo ya durƙusa.

"Baba, ina wuni?"

"Lahiya lau."

"Ya ƙarfin jiki?"

"Gida lahiya lau," in ji tsohon da ƙarfi, idonsa a kan zanen.

Illo ya haɗiye wannan ma. Ya buɗe rediyon, ya jona, ya jira. Kalangu ya cika gidan, zaƙi-zaƙi, babu ko ɗigon gunji. Ya ƙara murya har wata maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga. Ya harɗe hannu yana jiran a ba shi haƙuri.

Tsohon ya matso. Bai dubi allurar da ke nuna tasha ba, bai taɓa mamurɗi ba. Ya ɗora tafin hannunsa a saman katakon, daidai inda tabon nan yake a da, ya runtse ido. Ya daɗe a haka. Sannan ya janye hannun, hawaye na bin gemunsa.

"Kun gani? Babu rai."

Illo ya dubi hannun, ya dubi katakon da ya kankare. Ya zagaya bayan tsohon, ya kira "Baba!" da iyakar muryarsa, har Fatuma ta zabura. Tsohon ko gezau.

Ashe ba fushi Baba Nassirou yake yi ba, kunnuwansa ne suka daɗe da mutuwa: da tafin hannu yake sauraron rediyonsa, kuma muryar da ta rage masa a duniya ita ce karkarwar nan da Illo ya yi ta wahala har ya kashe.