Dunduniyar Guruji

Na ɗauka jar hodar da masu ibada ke shafawa a goshi ce ta zube a daɓen da malaminmu, da muke kira Guruji, ke zagayawa. Shekara arba'in yana koya wa mutanen birnin Rishikesh zama daram, tun daga tushen ƙashin baya har ƙasa.

"Ke 'yar jami'a, rufe ido," ya ce. "Kin haddace littattafai, ƙafarki ba ta san ƙasa ba. Ni ko ƙwayar yashi na taka sai na ji."

"Guruji," na ce a hankali, "dunduniyarku."

Ya ɗaga ƙafar. Guntun awarwaron gilashi ya nutse a ciki, jini na zuba. Ya danna wurin da yatsa, ya sake dannawa. Bai ji komai ba.

Sauran ɗalibai na ta jan numfashi, idanu a rufe. Ya ɗauki mayafinsa, ya fita.