Tallar Anti Dijatu

Humra ce ta ɗiga a fuskar wayar shago, Nasiha ta sa bakin mayafinta ta goge. Da ta ɗaga mayafin sai ta ga rubutu ya fito: an share talla.

Ta tsaya tana kallon wayar kamar za ta ce mata wasa take yi.

Anti Dijatu, mai shagon, ta tafi suna Akurba, sai bayan azahar za ta dawo. Kafin ta fita ta duba tallar da ta sa a Fesbuk, ta bar shafin a buɗe. "Masu tambayar kaya kawai za ki amsa wa. Wannan kuma kar ki taɓa min," ta ce. Nasiha ba ta ma taɓa ganin tallar ba. Anti ta kashe hotuna a wayar don kar data ya dinga gudu, ita kuwa tallar hoto ce da rubutunta a jiki, sai dai ka ga wani fili ruwan toka.

Amma ta san tana aiki. Tun da aka sa ta 'yanmata ke shigowa, sun sha kwalliya, suna tambayar Madam. Su leƙa kwalaben turare, su leƙa jakunkuna, su karɓi lamba su tafi. Anti ma ta canza. Ta daina cewa, "Ke ba ki da baki, kwastoma zai shigo kina kallon ƙasa." Jiya har kunun aya ta saya mata.

Yau ga shi da mayafinta ta kashe abin da ya gyara musu zama.

Shagon ɗan tsukuku ne a bakin titin Jos cikin garin Lafiya, kujera ɗaya ce a ciki, mutum biyu ba sa iya juyawa. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, batirin wayar ya koma ja. Fita ba dama, Anti ta tafi da makullin kwaɗo. Kiran Anti ba dama. Ta tuna yadda Innarta ta tako tun daga Shabu ta durƙusa a ƙofar nan kafin a ɗauke ta aiki. Da wane ido za ta koma gida ta ce an kore ta?

Ta leƙa waje. Mnena mai POS, wadda Hausarta ba ta gama nuna ba, tana ƙarƙashin lemarta tana fifita da kwali.

"Mnena, don Allah zo. Na kashe kaina."

"To gawa, me ya faru?"

Da ƙyar ta yi bayani. Mnena ta karɓi wayar, dariyar da ta taho da ita ta ɗauke.

"Wanda madam ɗinka ya sa? Na gan shi a waya na." Ta rage murya. "Nasiha, bar shi haka mana. Ka ce netwok ne ya cinye."

"Ni ban iya ƙarya ba, bakina rawa yake yi. Wallahi korata za ta yi."

Mnena ta buɗe baki za ta yi magana, sai wani mai keke ya hau buga mata tebur. Ta dubi Nasiha, ta dubi kujerar, ta miƙa mata wayar.

"To, kai ka ce. Wanda aka share ba ya tashi. Amma shiga wajen da suke ajiye su, za ka gan shi kwance. Yi kwafi, tura kamar sabo."

Ta tafi ba ta waiwayo ba.

Nasiha ta goge tafin hannunta a siket. Ta shiga nan, ta fita can, ta ɓata, ta dawo. Zufa na bin bayanta. Can ƙasa ta hango tallar, da filin nan nata ruwan toka. Ta danna kwafi. Wata 'yar da'ira ta fara juyawa, ta yi ta juyawa, har Nasiha ta karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

Sai ta buɗe. Aka tambaye ta inda za a nuna tallar. Anti cikin Lafiya kaɗai ta zaɓa. Nasiha ta yi tunani, in mutane suka ƙaru ai Anti ba za ta tsaya bincike ba. Ta ƙara Akurba. Ta ƙara har da Shabu, unguwarsu. Ta tura.

Ana dubawa, inji wayar.

Ta zauna ta ƙura mata ido. Wata mata ta shigo neman turaren wuta, Nasiha ta ba ta ba tare da ta san wanne ta ba ta ba. Ladan ya kira azahar. Duk keken da ya rage gudu a bakin titi sai ta leƙa ta ga ko Anti ce.

Rubutun ya koma kore. Talla na tafiya. Ko numfashi ba ta gama saukewa ba wayar ta mutu.

Ta jingina da bango ta yi dariya ita kaɗai, har da ƙwalla. Ta share shagon, ta jera kwalabe, ta goge kujerarta tas.

Ba a jima ba wata doguwar yarinya ta shigo da sallama mai ƙarfi, bakinta har kunne. Ta ce sunanta Vera, daga Shabu.

"Madam na nan?"

"Ta kusa dawowa," Nasiha ta ce, yau har da ɗaga kai. "Turare kike so ko jaka?"

"A'a, kan wannan na zo. Yanzun nan ya fito min, na ce bari in riga kowa."

Ta juyo mata da wayarta. Hoton shagon ne, ga kwalaben, ga jakunkunan, ga kujerar Nasiha babu kowa a kai, a sama kuma an rubuta da ja: ANA NEMAN SABUWAR YARINYAR SHAGO, MAI BAKI DA FARA'A.