Rawanin da Aka Janye

Washegarin da Nasara suka ci Sakkwato, da la'asar, na bi mahaifina fagen fama neman gawar ƙaninsa. Muka tarar harsashi ya farke cikinsa, tufafinsa sun ƙone. Mahaifina ya kwance rawaninsa ya lulluɓe shi.

Sai wani Bature ya kafa akwati mai ƙafa uku. Muka zaci bindiga ce, muka yi kalmar shahada. Ashe hoto zai ɗauka.

Tafintan Baturen ya ce, "Malam, janye rawanin, so yake raunin ya fito."

Mahaifina ya ce, "Ɗana, suturar mamaci amana ce."

Wani soja ya fasa wa mahaifina baki da gindin bindiga, aka janye rawanin, aka ɗauki hoton.

Har yau, duk gawar da na suturta, sai na tuna baffana yana can wata ƙasa, tsirara a takarda.