Shaidar Hajjo

Mushe Sumana ya ture dosiyen takardun Nassirou da bayan hannu har ya kusa faɗuwa daga tebur.

"An haife ka a Kumasi," in ji shi. "Ka je Gana su ba ka bindiga."

Nassirou ya tare dosiyen da hannun hagu, domin na dama yana rataye a wuyansa cikin bandeji. Likitan dabbobi ne, mai zagaya rugage da allurar rigakafi. A tafiyarsa ta ƙarshe 'yan fashi sun tare motarsa, suka kashe direbansa, shi kuma harsashi ya karya masa ƙashi. Matarsa ta rantse ba zai sake fita daji da hannu wofi ba, kuma in bai fita daji ba, ba shi da aiki. Abin da yake nema kawai izinin riƙe ƙaramar bindiga, irin mai shiga ƙarƙashin riga.

Mushe Sumana shi ke tace masu neman wannan izini a wani biro, wato ofis, da ke unguwar Plateau a babban birnin Nijar. Haifaffen unguwar Yantala ne, ba Bahaushe ba, Hausarsa ta kasuwa ce, kuma bai yarda da duk wanda aka yanke wa cibiya a wajen ƙasar nan ba. Ya duba takardar nasiyonalite ta Nassirou, shaidarsa ta zama ɗan ƙasa, a gaban fitila, ya shinshina ta, ya ce irinta ya gani da yawa a hannun mutanen da ba su san hanyar Dosso ba. Uban Nassirou mutumin Gana ne, ya daɗe a kabari. Ta wajen uwa yake ɗan Nijar. Saboda haka Mushe Sumana ya ce takarda ba ta ishe shi ba, sai an kawo mai rai wanda zai buɗe baki ya yi shaida a gabansa.

Ranar da aka sa, Nassirou ya zo da wata tsohuwa mai suna Hajjo, wadda yake kira Yaya. Ba su shigo tare ba. Ita ta riga shi, ta ja kujerarta can gefen bango, ta juya masa kafaɗa. Bai gaishe ta a gaban mutane ba, ita ma ba ta dube shi ba.

Mushe Sumana ya lura da wannan, ya yi murmushin da ba na alheri ba.

"Kai, in ka ce uffan, na rufe dosiyen nan har abada," ya ce wa Nassirou. Sa'an nan ya juya ga tsohuwar. "Inna, kin san uwar wannan?"

"Na san ta."

"'Yar ina ce?"

"Tahoua."

"Me ya kai ta Kumasi?"

"Aure."

Ta ba da amsoshin tana kallon ƙasa. Ta faɗi sunan kakan Nassirou da unguwar da ya zauna, ta faɗi shekarar fari da ta kori mutane kudu. Ta ce an haifi yaron da damina, a ɗakin haya kusa da mahauta, da aka yaye shi kuma goggonsa ta ɗauke shi ta raine shi. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Mushe Sumana ya daina kaɗa ƙafa. Har ya ɗauki alƙalami zai rubuta, sai ya ajiye.

"To, saura abu ɗaya. Dube shi, ki faɗa mini sunansa."

Hajjo ta gyara mayafinta.

"Sunansa, Inna."

Fanka tana juyawa a sama. A waje wani yana gardama da mai gadi.

"Ga shi nan kuna ganinsa," ta ce a hankali. "Shi ne dai."

"Shi ne wa?"

Nassirou ya ɗaga hannun mai lafiya. "Mushe, ai ita..."

"Na ce rufe baki!" Mushe Sumana ya miƙe tsaye. "Kin haddace kaka, kin haddace damina, kin manta suna. Daga wace kasuwa ya ɗauko ki? Da tsufanki, da carbi a hannu, ki zo ki yi wa baƙo shaidar zur don ya ɗauki bindiga a ƙasarmu?"

Hajjo ta kai hannu bakin zaninta, inda ta ɗaure katin shaidarta. Mushe Sumana ya ce ta bar shi inda yake, ba ya taɓa katin maƙaryaciya. Ya sake tambayarta sunan. Leɓenta ya motsa, amma abin da ya fito salati ne.

Mushe Sumana ya buga hatimin ƙi a kan dosiyen, ya ce su gode wa Allah bai kira 'yan sanda ba.

A cikin taksi, kan hanyar unguwar Kirkissoye, ita tana baya, shi yana gaba. Sai da suka hau gada ya yi magana, bai waiwayo ba.

"Yaya, kalma ɗaya ce. Kalma ɗaya. Yanzu da me zan ci da gida?"

Hajjo tana kallon kogi. Bayan wani lokaci ta ce da mai taksi, "Malam, gaya wa mutumin da ke kusa da kai ya janye hannunsa daga taga, rana tana dukan ciwon."

Mai taksi ya dube su, bai gane ba. Nassirou ya janye hannun.

Tun ranar da ta haife shi a ɗakin nan na kusa da mahauta, ɗanta na fari, kunya ba ta taɓa barin sunansa ya fita daga bakinta ba.